Sistar da Ta Hana Mu Gaisuwa

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: duk inda kuka ji an tafka wauta a cikin labarin nan, ni ne na tafka ta. Ba tawali'u nake yi ba. Akwai shaidu, kuma mafi yawansu suna da rai.

Wadda nake rubutun nan a kanta 'yar kawuna ce, taubashiyata. Ta girme ni da kaɗan, ko da yake ban taɓa amsa haka a gabanta ba sai daf da komawarta ga Mahaliccinta. Ni ina kiranta 'yar Kawu, ita tana kirana ɗan Gwaggo. Sauran jama'a kuwa, daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan, Sista kawai suka sani. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma mafi yawan shekarun aikinta a bakin ƙofa ɗaya ta ƙarar da su, ƙofar ɗakin da ake rugawa da wanda ciwo ya taso wa gadan-gadan, wanda yaran yanzu ke ce wa imajansi. Ta rasu bana, ana tsakiyar saran rake. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, don a duniya dai ban ga ranar da ta zauna ba.

Ina cikin masu karɓar gaisuwa a zaure, kuma na halarci zaman makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Ko'ina aka yi rasuwa, abin da ake faɗa sananne ne: mai haƙuri ce, mai fara'a ce, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. A nan babu wanda ya iya yin wannan ƙaryar. Wani Bafulatani ya taso tun daga wajen Janfalan, ya jingine sandarsa, ya yi addu'a, sannan ya dubi ƙasa ya ce, "Ita ce ta kore ni." Muna jiran ya ce ya yafe. Sai ya ce, "Ta kore ni waje, ta shige da matata tana ta zubar da jini. Matar ce can cikin gida kuke jin kukanta." Bayansa shugaban 'yan acaɓa ya ce ta taɓa zare masa makullin mashin don ya tare hanyar shiga, ba ta ba shi ba sai da la'asar ta yi. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Wani dattijo manomin tumatir daga Taba ya ce shi tsawa ɗaya ta yi masa, har yau idan ya wuce ta gaban asibitin sai ya gyara hularsa.

Haka aka yi ta yi. Kowa ya zo da labarin faɗan da aka yi masa, yana riƙe da shi kamar wanda aka ba kyautar riga. Liman ma da ya tashi yin wa'azi ya buɗe baki zai ce mai sanyin hali ce, sai ya dube mu, ya fasa, ya ce, "Jama'a, mu yi mata addu'a kawai."

To ni ma ina da nawa labarin, sai dai nawa ya fi na kowa tsawo, domin ni rantsuwa na yi. Na rantse tun muna da sauran ƙarfi cewa sai na ga ranar da 'yar Kawu za ta karya dokarta, ta shigar da wani gaba saboda girmansa ko saboda jini ɗaya. Na ce mutum ce ba dutse ba, kuma a ƙasar nan aka haife ta. Wannan jiran shi ne aikin da na fi daɗewa ina yi a duniya, har ya fi noma.

Sai na gaya wa yara yadda ɗakin nan yake kafin ta zo, in ba haka ba ba za su gane ba. Mu nan idan mutum ya faɗi, ba shi kaɗai ake kai wa asibiti ba, garin ake kwasa. A cika a-kori-kura da baffanni da gwaggwanni da surukai, da maƙwabcin da ya zo aron gatari ya tarar ana tafiya. A shiga ɗakin da tabarmi da kwanukan tuwo da fulas ɗin kunu. Marar lafiya ɗaya, masu rakiya cikin mota. Kuma kowa sai ya gaisa. Nas tana riƙe da allura, ga tsoho ya shigo, sa'an kakanta, dole ta rusuna. An kwana lafiya? Ya gida? Ya iyali? Ya gajiya? Ya muka ji da ruwa? Kafin a kai ga tambayar shanu, wanda ke kan gado ya fara ganin abin da mu ba ma gani. Likita kuwa sai ya yi ta neman gafara yana tsallake ƙafafuwa kafin ya isa ga mai ciwo. Sannan wa za a fara dubawa? Ai wannan ba abin tambaya ba ne. Mai rawani, sai mai furfura, sai wanda ya san wani a ciki, sai mai ƙarfin murya. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ya jingina da bango ya jira ikon Allah.

Ba mugunta ce ta sa muke haka ba. Zumunci ne da ladabi, abubuwan da aka doke mu a kansu muna yara. Shi ya sa da ta zo ta taɓa su, muka ji kamar addini ta taɓa.

Abin da ta yi ba shi da yawa in ana lissafi. Ta ɗauke teburinta daga ƙuryar ɗaki ta dasa shi a bakin ƙofa. Duk wanda aka kawo, ita ce farkon ganinsa. Ta kama wuyan hannu, ta buɗe ido, ta saurari numfashi, nan take ta ce wannan ciki, wannan benci, wannan ku zagaya wancan ɓangaren ku yanki kati, wannan kuwa da kun kai shi sha-ka-tafi na ƙauyenku da tuni yana gida. Marar lafiya ɗaya, mai jinya ɗaya. Sauran dangi duk gindin darbejiyar da ke can gefen fili. Gaisuwa kuma ta kashe ta ɗungurungum. In ka yi sallama za ta amsa, don wannan haƙƙin Allah ne, amma a numfashi ɗaya take haɗawa: "Wa alaikumus salam, me ya same shi, tun yaushe?" Ka ce ya gida, ta ce, "Gida yana gida. Tun yaushe?"

Garin ya ɗauka. Aka ce boko ya cinye ta. Ni da kaina na yi bayani a majalisarmu ta bakin kasuwa, a matsayina na wanda ya ɗan leƙa makaranta har ya kai ga iya rubuta sunansa ba tare da ya zaro harshe ba. Na ce wannan cuta ce da ake ɗaukowa a makarantar jinya, kuma ba ta wuce damina biyu. Aka gyaɗa kai, aka ce lallai ilimi daɗi.

Damina biyun ta wuce har an daina ƙirgawa, sai kunama ta harbe ni a gonar masara. Ban ce ku yi dariya ba. Wanda bai sha harbin kunamar cikin kunyar gona ba, bai san abin da ake kira ciwo ba. Aka ɗora ni a mashin, ina salati ina kiran mahaifiyata da ta daɗe a kabari. Amma ko a cikin wannan hali na tuna da rantsuwata, na ce to yau ga ranar. Ni ɗan gwaggonta ne guda, da furfurata.

Ta kama hannuna, ta dubi ƙafar, ta danna nan ta danna can, ta ce, "Benci."

Na ce, "'Yar Kawu, ni ne fa!"

Ta ce, "Na ji muryar tun kuna kwanar tasha. Benci."

Ina nan ina birgima, sai ga wani mutum ya tako da ƙafarsa, ƙanensa na riƙe da shi. Ba ihu, ba jini, ba komai. Gumi kawai yake yi, miyau na zuba a gefen bakinsa. Ta dube shi sau ɗaya, wallahi sai na ga matar nan ta zama wata halitta. Ta cicciɓe shi ita da ƙanen, tana ƙwala wa likita kira, tana cewa a tuɓe masa riga a kawo ruwa. Ashe feshin maganin ƙwari ya yi wa barkono tun safe, iska na mayar masa da maganin a fuska. Na ɗaga murya na ce ai na riga shi zuwa, kuma ko makaho ya san wanda ya fi jin jiki tsakaninmu. Ta juyo tana tura gadon ta ce, "Ci gaba da ihun, ɗan Gwaggo, shi ne yake gaya mini kana lafiya. Ranar da ka yi shiru zan zo da gudu."

An duba ni daga baya, aka yi mini allura, na koma gida ina ɗingishi da fushi. Mutumin kuwa ya tashi. Har yau yana noman barkononsa, sai dai yanzu da ƙyalle a hanci.

Na ce to ni taubashi ne, dama tsakaninmu wasa ne, ba a auna ta da ni. A jira babban gwaji. Babban gwajin kuwa ya zo, ranar da aka kawo Kawu, mahaifinta da ya haife ta, gwiwoyinsa sun kumbura ba ya iya takawa. Ranar kasuwa ce, ɗakin a cike. Ni na raka shi, kuma ba zan ɓoye ba, har da son kallo a cikin rakiyar. Ta fito, ta ga ubanta. Na ga ƙafarta ta lanƙwashe za ta durƙusa da kanta, don jiki ya saba, sai ta miƙar da ita. Ta taɓa gwiwar, ta duba idonsa, ta tambaye shi ƙirjinsa, ya ce lafiya. Ta ce, "Baba, benci."

Wata tsohuwa ta saki salati. Kawu ya je ya zauna tsakanin wata mai goyo da wani mai ƙaiƙayi, ya ɗora haɓarsa a kan sanda. Yana kallo aka shigar da jariri mai shiɗewa, aka shigar da wanda mashin ya kayar. Sai bayan azahar aka zo kansa.

Da yamma na bi shi gida don in taya shi fushi. Muna zaune sai ga ta, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta zo ƙofar ɗakinsa ta zube gwiwa biyu a ƙasa. Ta fara gaisuwar da ta hana shi da safe, tun daga farkonta. Baba an wuni lafiya. Ya jiki. Ya gajiya. Ya ƙafa. Bai amsa ba. Ta sake daga farko. Bai amsa ba. Ba ta tashi ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba, don a wurinta ba ta yi laifi ba. Tana nan durƙushe har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Can Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Jaririn nan, ya rayu?"

Ta ce, "Ya rayu, Baba."

Ya ce, "To lafiya lau. Ya aiki?"

Na tattara fushin da na kawo masa gudummawa na koma da shi gida.

Daga ranar na fara lura da abin da idona ya daɗe yana tsallakewa. Duk lokacin da ɗakin ya lafa, takan wanke hannu ta nufi gindin darbejiya. Ta bi mutanen da ta kora ɗaya bayan ɗaya, ta rusuna wa wanda ya girme ta, ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya har da tambayar shanu da yabanya. Fulani ta gaishe su da ɗan Fillancin da ta tsinta, su yi ta dariyar yadda take karya shi. Sannan ta gaya wa kowane gida halin da nasu yake ciki, ba ƙari ba ragi. In labarin ba mai daɗi ba ne, ba ta aiko kowa, ita take zuwa, ta zauna a tabarmar matan har sai kukan farko ya wuce. Ashe ba kashe gaisuwar ta yi ba, matsar da ita ta yi zuwa inda ba za ta ci ran kowa ba.

Akwai kuma yaƙinta da masu riƙe gado, wanda shi ne ya fi ba ni dariya, don har da aminina a ciki. Mu nan abin kunya ne surukanka su ɗauro niyyar dubiya, su dafo kaji, su zo asibiti su tarar an sallame ka. Sai a ce dama ciwon bai kai ya kawo ba, an tayar wa mutane da hankali a banza. Saboda haka mutum ya warke sarai, amma ya lafe a gado yana nishi har sai dangin nesa sun zo sun gan shi a kwance. A waje kuwa ga wani a ƙasa ana riƙe masa ledar ƙarin ruwa da hannu. Aminin nan nawa ya sami sauƙi tun da hantsi, amma surukansa na Gubuchi sun aiko cewa sai gobe. Da ya hango ta sai ya ja mayafi ya fara numfashi sama-sama. Ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, wa ya cinye tuwon da ke cikin kwanon nan?" Ya ce da ƙyar ya tura. Ta ce, "Har da suɗe kwano?" Ta karɓi wayarsa, ta sa aka kira mata surukin, ta gaishe shi da ladabi, ta ce an ga ciwon surukinsa irin wanda sai a gida yake ƙarasa warkewa ne, don haka kajin su wuce can kai tsaye. Ta rufa masa asiri, ta kuma karɓe gadonta. Ya fi wata ba ya yi mata magana, amma kajin ya ci.

A hankali abin ya zauna. 'Yan acaɓa suka koyi buga waya tun suna hanya, a ce ga mu nan da wanda ya faɗo daga kan kaya, kafin su iso an shirya. Mutanen ƙauye suka koyi raba ciwon sha-ka-tafi da na babban asibiti. Har ya zama idan baƙo ya fara doguwar gaisuwa a bakin ƙofar, masu zaman benci ne ke ce masa, "Malam, faɗi abin da ya same shi, a nan ba a yi." Da ta yi ritaya na ce to yanzu komai zai koma yadda yake. Nan ma ban ci ba. Yaran da ta raina a aikin sun ɗauko har yadda take ɗaure fuska.

Saura ranar ƙarshe, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro.

Da hantsi aka aiko mini cewa ƙirjinta ya riƙe. Na tarar da ita zaune a bakin gado tana jan numfashi da ƙyar, gidan ya cika da 'ya'ya da jikoki kowa na neman takalmi. Ta ɗaga yatsa ɗaya. Ko a wannan halin, mutum ɗaya. Babban ɗanta yana Kaduna, sai ta nuna ni. Na shiga mota ina jin kaina ya yi girma, har na manta tsoro na ɗan lokaci.

Muna isa ma'aikata suka gan ta, wurin ya hargitse. Wadda ke bakin ƙofa yanzu, 'yar ɗakinta ce da ta koya wa aiki, ta rugo tana "Mama! Mama!" Aka turo keke, aka kira likita, shi kaɗai ne a bakin aiki a lokacin. Ana cikin haka wata mota ta tsaya da ƙarfi. Aka fito da wani magidanci, matashi, daga wajen masu dafa mazarƙwaila. Injin matse rake ya kama masa hannu. An naɗe hannun da buhu, buhun ya jiƙe yana ɗiga. Ba ya ihu. Leɓɓansa sun yi fari.

Likita ya tsaya a tsakiya, ya dubi wannan ya dubi wancan. Yarinyar nan ta kama keken Mama za ta tura ciki. Sai 'yar Kawu ta sa ƙafa ta taka ƙasa, keken ya tsaya. Ta kama wuyan hannunta da kanta, ta ɗan saurara, kamar yadda ta yi wa dubban mutane. Ta dubi mai hannun. Ta ce a sa mata ƙwaya a ƙarƙashin harshe, a gwada jininta. Sannan ta dubi yarinyar ta ce, "Shi ciki. Ni benci."

Yarinyar ta fashe da kuka, amma ta saki keken.

Mutumin ya rayu, ko da yake hannun bai tsira ba. Ita kuma an shigar da ita bayansa, ta yi 'yan kwanaki a kwance, sannan ta cika. Likitan ya rantse mini cewa ba jiran nan ne ya tafi da ita ba, zuciyar ce ta gaji tun tuni. Na karɓi maganarsa, don ya fi ni sani, kuma don ina bukatar in karɓa.

Amma a lokacin, a kan bencin nan, ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani kawai, kanta yana jingine da kafaɗata, hannunta ya yi sanyi, numfashinta na fita guntu-guntu. Rantsuwar da na daɗe ina wasa da ita ta dawo mini ba wasa a cikinta. Ban taɓa son in ci gardama ba kamar ranar. Na sunkuya na ce, "'Yar Kawu, don girman Allah. Kalma ɗaya za ki faɗa su fito da gudu. Ke kika tsayar da wurin nan. Sau ɗaya tak, a fara da ke. Na girme ki ko kin girme ni, na amsa, kin girme ni. Ki yi magana."

Ta buɗe ido. Ba ni ta kalla ba. Ta ɗaga haɓa ta nuna can bakin fili, inda wata yarinyar mace take tsaye da goyo, ta ɗora hannu biyu a ka, ba ta ma iya kuka ba.

Ta ce, "Ga matar mai hannun can. Tashi ka je ka gaishe ta, ka yi mata sannu da jira, tunda kai ne mai baki."